Darasi na 9: Ƙaramin Gari a Lokacin Kirsimeti

Ranar 25 ga Disamba Kiristoci ke bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami. Wasu majami'u, kamar na Habasha da Rasha da Kibɗawan Masar, sai 7 ga Janairu suke nasu, domin tsohuwar kalanda suke bi.

A ƙaramin garin karkara, tun da sauran kwanaki ake gane biki ya ƙarato. Makarantu sun yi hutu. 'Ya'yan da suka tafi birni neman na kansu sun fara dawowa, wasu da mata da yara. Gidan da tsoho da tsohuwa kaɗai ke kwana a ciki, yanzu an yi shimfiɗa har bakin ƙofa, takalma sun taru jibgi guda.

To, mutane sun ƙaru, amma rijiyar garin tana nan yadda take. Motar da ke shiga garin ba ta ƙaru ba. Ɗakin shan magani ma sai ka tarar ma'aikata sun ragu, don su ma suna da iyali. Saboda haka mai gida da uwar gida su zauna da takarda da biro tun farkon wata.

A fara da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya na buƙatar wajen lita 20 a rana don sha da girki da ɗan abin tsafta. Idan ku shida ne a gida, ga baƙi biyar, kun zama 11. Ninka 11 sau 20, lita 220 ke nan kowace rana, ban da wanki da na dabbobi. Dabba kuwa ba ruwanta da biki, da asuba za ta nemi haƙƙinta.

Mai hawan jini ko ciwon suga ya karɓi maganinsa kafin a shiga hutu.

Abin da aka fi yi wa sakaci shi ne wuta. Inda ake sanyi a Disamba, mutane kan shigar da garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Wasu kuma su kunna janareto a cikin gida don kada a sace. Dukansu biyu suna fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum zai fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, ya ɗauka gajiyar hidima ce, ya kwanta. Ɗaki cike da mutane na iya kwana ba wanda ya tashi. Janareto wurinsa waje ne, nesa da taga. Idan mutane da yawa suka yi kukan ciwon kai a ɗaki ɗaya, a fito da su waje nan take, a kai su asibiti.

Aiki

Rubuta sunayen mutanen gidanku da na baƙin da kuke sa ran zuwansu. Lissafa ruwan da za ku buƙata a kwana uku. Sannan ka rubuta lambar wayar mai mota ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya da manyan baƙaƙe, ka liƙa a bango inda yara ma za su gani.