Yadda Ake Ƙiyasta Sifofin Hanyoyi Masu Yawa a Sadarwar Rediyo

Saƙon da eriya ta watsa ba ya isa ga na'urar karɓa ta hanya guda ɗaya. Wani sashe nasa yana zuwa kai tsaye, wani yana bugun bango ko gini ya dawo, wani kuma yana lanƙwasawa ta gefen rufi, sai dukansu su iso kamar amsa-kuwwa, kowanne a lokacinsa. Aikin injiniya shi ne ya ware waɗannan hanyoyi, ya san abubuwa huɗu game da kowacce: jinkirinta, ƙarfinta, kusurwar da ta shigo da ita, da kuma sauyin firikwensi (yawan kaɗawar igiya a sakan ɗaya, wanda ake aunawa da haz) da motsi ya jawo mata, wanda ake kira sauyin Doppler.

Mataki na farko shi ne zaɓen faɗin zango, wato faɗin kewayon firikwensi da siginar za ta mamaye, domin shi ne ke ƙayyade iyakar abin da za a iya gani. Igiyar rediyo tana tafiyar kusan mita 300 a cikin mikirosakan ɗaya, wato santimita 30 a kowane nanosakan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, mafi ƙarancin tazarar jinkiri da za a iya bambancewa ya yi kusan ɗaya bisa faɗin zangon. Zango mai faɗin megahaz 20 yana bambance nanosakan 50, wato mita 15, shi kuwa mai megahaz 100 yana kaiwa nanosakan 10, wato mita 3. Wanda zai yi awo a cikin ɗaki, inda bangaye suke kusa da juna, ya sani cewa ƙaramin zango zai haɗe masa hanyoyi da dama su zama kamar guda.

Daga nan sai a zaɓi siginar gwaji wadda na'urar karɓa ta riga ta san siffarta. Ana yawan amfani da jerin lambobi masu kama da hayaniya, ko jerin Zadoff-Chu da tsarin LTE na wayar salula (4G) ke amfani da shi, saboda idan aka gwada irin wannan jeri da kansa yakan ba da tsini ɗaya mai kaifi a wurin da ya dace, sauran wurare kuma su kwanta.

Kafin a fita awo, wajibi ne a saita kayan aiki, kuma wannan shi ne matakin da masu gaggawa suka fi tsallakewa. Ana haɗa na'urar watsawa da ta karɓa kai tsaye da waya, a saka abin rage ƙarfi a tsakani, a naɗi abin da ya fito. Wannan naɗi shi ne hoton kayan aikin kansu, da matatunsu da wayoyinsu, kuma shi za a cire daga duk awon da za a yi nan gaba. Idan ba a yi haka ba, jinkirin da waya ta haddasa zai shiga lissafi a matsayin hanya ta gaskiya. Haka nan dole agogon na'urorin biyu su tafi tare, shi ya sa ake ɗaure su da agogon rubidiyam ko siginar GPS.

Bayan an naɗi awo, ana gwada abin da aka karɓa da siginar gwajin, ko kuma a auna zangon kashi-kashi a juya shi da lissafin Fourier, wanda ke mayar da awon firikwensi zuwa na lokaci. Sakamakon shi ne jadawalin ƙarfi bisa jinkiri, inda kowane tsini yake nuna hanya ko tarin hanyoyi. A nan ake shata layi sama da matakin hayaniya, a yi watsi da duk abin da ya faɗo ƙasansa. Don samun kusurwa kuwa, ana jera eriyoyi da tazarar da ba ta wuce rabin tsawon igiya ba. A gigahaz 2.4 tsawon igiya santimita 12.5 ne, saboda haka tazarar ba za ta wuce santimita 6.25 ba. Doppler yana buƙatar maimaita awo a kai a kai: motar da ke gudun mita 30 a sakan a wannan firikwensi tana iya jawo sauyin haz 240, don haka dole a ɗauki awo fiye da sau 480 a sakan.

Sai batun adadin hanyoyi, wanda a ganina ya fi zaɓen dabarar lissafi muhimmanci. Idan aka gaya wa kwamfuta cewa hanyoyi ashirin ne alhali takwas ne, za ta ƙirƙiro sha biyu daga hayaniya, kuma za su fito da lambobi masu kyan gani. Ma'aunin Akaike da na MDL, ƙa'idojin lissafi na zaɓen adadin da ya fi dacewa da bayanai, waɗanda Wax da Kailath suka nuna yadda ake amfani da su wajen ƙidayar sigina a 1985, suna taimakawa, amma ya kamata a riƙa duba sakamakonsu da taswirar wurin.

Idan an tsayar da adadi, sai a ɗauko dabarun da ke gani fiye da iyakar zango. MUSIC, wadda Ralph Schmidt ya gabatar a 1979, da ESPRIT ta Roy da Kailath suna raba bayanai zuwa sashen sigina da sashen hayaniya. Rauninsu shi ne, amsa-kuwwar sigina ɗaya tana da alaƙa ta ƙut da ƙut da asalinta, don haka sai an fara tace bayanan ta hanyar rarraba jerin eriyoyin zuwa ƙananan rukunoni a ɗauki matsakaici. SAGE, wadda Fleury da abokan aikinsa suka yi amfani da ita kan hanyoyin rediyo a 1999, tana ɗaukar hanya ɗaya ta gyara ƙiyasinta bayan ta cire sauran, ta koma kan ta gaba, ta yi ta zagayawa har lambobin su daina motsi. Tana cin lokacin kwamfuta, amma tana fitar da jinkiri da kusurwa da Doppler a tare.

Daga ƙarshe sai a sake gina siginar daga hanyoyin da aka ƙiyasta, a cire ta daga ainihin awon. Idan ragowar ta yi kama da hayaniya, aiki ya yi. Idan akwai tsini a cikinta, an bar wata hanya a baya. Daga jadawalin ƙarfi bisa jinkiri ne kuma ake lissafa yaɗuwar jinkiri, wato yadda hanyoyin suka bazu a lokacin isowa, wadda ake gwadawa da ratar kariya (ɗan lokacin da ake bari tsakanin kowace alamar saƙo da mai bi mata) ta tsarin da za a girka: mikirosakan 0.8 a tsohon WiFi na 802.11a, kusan 4.7 a LTE. Duk hanya mai ƙarfi da ta makara fiye da wannan rata za ta taka alamar da ke biye da ita, ta gurɓata saƙon.