Yadda ake gano matsalar tsohuwar motar kaya mai tashi yau, gobe ta ƙi

Motar da ta mutu murus ta fi sauƙin gyara a kan wadda ke tashi sai ta ga dama. Direban Kanta zai yi lodin albasa a Wurno, mota ta tashi da bugu ɗaya. Ya iso Kasuwar Kara ta Sakkwato ya sauke kaya, ya murɗa makulli, shiru. A turo ta gareji, tana ganin bakanike sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Daga nan ake fara sayen kaya da ka, yau batir, gobe kik mai tayar da inji, jibi altaneta mai cajin batir, ciwon kuma yana nan daram. Hanya mafi arha ita ce ka binciki motar a daidai lokacin da ta ƙi, kafin yaran mota su tura ta.

Da farko cire giya, ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Sannan kunna manyan fitilu, ka murɗa makulli, ka saurara. Idan fitilun suka dushe ko suka mutu, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, wuta ce ba ta isa, wato batir ko wayoyinsa. Idan fitilun na nan da haskensu amma kik bai motsa ba, laifin na tsakanin makulli, rile mai miƙa wutar makulli, da kan kik, wato ɓangaren da ke haɗa wa kik wuta. Idan kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, bar zancen batir, ka koma wajen mai. Ka kuma riƙe lokacin da abin ke faruwa: da sanyin safiya ne, ko bayan doguwar tafiya kamar daga Illela zuwa cikin gari?

Mataki na biyu shi ne kawunan batir, kuma a nan na fi so ka daɗe, don a nan matsalar ta fi ɓuya. Kama kowace tamina ka girgiza. In ta motsa ko kaɗan, ka samo ɓarawon. Sau da yawa za ka tarar an cusa ƙusa ko guntun gwangwani don ta matse, ga farin gari ko kore ya taru a kai. Irin wannan haɗin yana ba rediyo da fitila wuta, amma kik yana jan ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, ba zai wuce ba. Gargadar hanya ta matse shi yau, ta sassauta shi gobe, shi ya sa motar ke yi maka wasan ɓuya. Kwance wayar negatif tukuna, sannan fozitif, kuma cire zoben hannunka kafin ka kama sifana. Wanke da ruwan zafi da ɗan bakin soda, goge da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a sama.

Kada ka tsaya a batir. Bi babbar wayar negatif har inda aka ɗaure ta a jikin shasi, da wadda ta tashi daga shasi zuwa inji. Tsatsa da ƙura da baƙin mai sukan cinye wurin, wani lokaci wayar ta ruɓe ta ciki alhali robarta na nan lafiya. Gwajin ba ya cin ko kwabo: ɗauko wayar jona batir, ka maƙala kai ɗaya a negatif, ɗaya a ƙarfen inji mai tsabta. In mota ta tashi, laifin na wayar ƙasa ne, wato waɗannan wayoyin negatif. Ko kuma bayan an buga kik, ka bi mahaɗan da ɗan yatsa a hankali. Wanda ya yi zafi shi ne mai laifi.

Sai awo. Mitar awon wuta ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba, kuma kowane mai gyaran wayoyin mota yana da ita. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 in mota na kashe. Lokacin buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki, ya kasance tsakanin 13.8 da 14.4, in ba haka ba a duba altaneta da bel ɗinta. Manyan motoci irin su DAF da MAN suna aiki da bolt 24, batir biyu a jere, don haka a auna kowanne daban. Haɗa sabon batir da tsoho asara ce, tsohon zai ja sabon ƙasa. Zafin Sakkwato kuma, wanda ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana ƙafar da ruwan batir. A ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da asid, ban da ruwan rijiya.

In duk wannan lafiya, an zo kan kik. Sa wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar guduma. In ya ɗauka, burushinsa sun cinye ko tagullar cikin kansa ta ƙone. Wannan dabara ta kai ka gida ce kawai, a sauke shi a gyara. In bai ɗauka ba, taɓa fitilar gwaji a ƙaramar wayar da ke shiga kan kik. Ba ta kama ba? To rile ne ko gidan makulli, musamman ga masu rataya makullan gida da na shago duka a jikinsa. Kik ɗin da ke ƙi sai inji ya huce yawanci ya gaji ne, zafi ke tona masa asiri. Kuma kada a riƙe shi fiye da daƙiƙa 15, a ba shi hutu.

Motar da injinta ke juyawa amma ba ya kamawa, in ta gas ce, iska a layin mai ake fara zargi. Tiyon da ya tsage ko wuyan filta da ya saki yana barin mai ya koma tanki cikin dare. Buga famfon hannu na jawo mai har ya yi tauri. In ta tashi bayan haka, sa tiyo mai nuna ciki kafin famfon nozul, ka duba ko kumfa na wucewa. Canza filta, musamman in kana shan man bumburutu. In a hunturu kaɗai take gardama da asuba, tana fitar da farin hayaƙi, a gwada hita, wato fulogin ɗumama inji, ɗaya bayan ɗaya. Masu zuba fetur a bakin iska don ta tashi, injin suke kashewa.

Duk abin da ka taɓa, canza ɗaya ka yi kwana biyu ko uku kana aiki da motar kafin ka taɓa wani. In ka je gareji kuma, maimakon "Oga, ba ta tashi", ka ce masa: "Oga, in ta yi zafi ne take ƙi, ƙas ɗaya take yi, fitilu kuma ba sa dushewa." Da wannan bayanin zai wuce kai tsaye wajen kan kik.