Darasi na 7: Idan Salansar Jirgi Tana Huci a Bakin Inji

Wannan darasi na masu jirgin da injinsa ke zaune a ciki ne, irin manyan jiragen dakon kaya da fasinja. Ɗan injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale gyaransa daban.

Hayaƙi yana fita daga kowace silinda, wato ramin da mai ke ƙonewa a cikin inji, ya shiga bututun salansa. A bakin bututun akwai faffaɗan ƙarfe mai huji, wanda ake ɗaurewa a jikin kan inji da notuna. A nan za mu kira shi leɓe. Tsakanin leɓe da kan inji ake sa gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninsu don kada hayaƙi ya fita. Duk lokacin da inji ya yi zafi ƙarfe yana buɗewa, in ya huce ya tsuke. Yau da gobe sai noti ya saki, hayaƙi ya sami kafa, ya ƙone gaskit.

Kunne ne ya fi saurin gane matsalar. Ka tayar da inji da safe, yana sanyi, ka saurara. Za ka ji "tas-tas-tas" tana bin bugun inji. Sau da yawa ƙarar tana raguwa in inji ya ɗau zafi, domin ƙarfe ya buɗe ya toshe kafar, sai mai jirgi ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Ka haska tocila a gefen leɓe, za ka ga baƙin kunkunniya ya zana layi daidai inda hucin yake fita. In kana shakka, shafa ruwan sabulu a wurin kafin ka tayar, ka ga inda zai yi kumfa.

Kada ka raina wannan huci. Cikinsa akwai iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A cikin jirgi mai rumfa ko tamfol tana taruwa. Alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma mutane sukan ɗora laifin a kan igiyar ruwa. Wanda ya kwanta barci kusa da inji yana iya wucewa daga nan. In ka ga haka, kashe inji, fitar da kowa sarari, a kai mara lafiya asibiti.

Yanzu gyara. Bari inji ya huce sarai. Cire wayar batir. In salansar irin wadda ruwa ke zagaya ta ne don sanyaya ta, rufe mashigar ruwa ka tsiyaye wanda ke ciki, domin in ruwa ya gangara cikin silinda, fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, zai daki ruwan, sandar da ke ɗauke da fistin ɗin ta lanƙwashe. Notunan jirgi tsatsa ta gama cin su, musamman a ruwan gishiri. Zuba musu man sassauta tsatsa tun dare, da safe ka kwance a hankali, kana gaba kana baya. Noti ɗaya da ya karye a cikin kan inji zai cinye maka yini guda.

Da ka cire salansa, cusa tsumma mai tsabta a ramukan inji, ka kankare tsohon gaskit tas, ba tare da ka yi wa ƙarfen rauni ba. To, ga inda mafi yawan masu gyara ke yin sake. Ɗora rular ƙarfe a kan leɓe, ka haska tocila ta baya. In haske ya ratso ta ƙarƙashi, leɓen ya karkace, kuma ko gaskit nawa ka saya sai ya ƙone. Ni kaina na taɓa haɗa gaskit biyu a kan karkataccen leɓe don in huta, ban yi tafiya uku ba ƙarar ta dawo. In karkacewar kaɗan ce, shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, ka goga leɓen a kai har ko'ina ya yi haske iri ɗaya. In ta yi yawa, kai wa masu injin gyaran ƙarfe su daidaita fuskar.

Sa sabon gaskit na salansa, wanda aka yi don zafi. Kwali ko gam na gama-gari ba sa jure wannan wuta. Cire tsumman nan! Ɗaura dukkan notuna da hannu tukuna, sannan ka ɗaure da sifana daga na tsakiya zuwa na gefe, dama da hagu, a zagaye 2 ko 3, kowane zagaye ka ƙara ƙarfi kaɗan. Iyakar ƙarfin yana rubuce a littafin injinka. Ɗaurin ganganci shi ne ke karkata leɓe.

Buɗe mashigar ruwa, mayar da batir. In injin fetur ne, buɗe ɗakin inji iska ta shiga na aƙalla minti 4 kafin ka tayar. Bari ya yi zafi, kashe shi, ya huce, ka sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar wasu sun saki, domin gaskit ya zauna. Ka sake duba su bayan tafiyar farko.

Aikin gida: zana leɓe mai noti 6 a littafinka, ka rubuta lamba a kan kowane noti yadda za ka bi su wajen ɗaurewa.