Yadda zaka raɗa wa alamomin rubutu suna a Lojban

Toh masu koyon Lojban, ƙirƙirarren harshen nan, kafin ka fara neman sunan wata alama ka tsaya ka tambayi kanka, alamar kake son ambata ko aikinta kake son yi? Don a Lojban yawancin aikin da alamomi ke yi an riga an maida shi kalma da ake furtawa da baki. .i ke raba jimla da jimla, xu ke maida magana tambayar eh ko a'a, lu da li'u ke buɗe zancen wani su rufe, to da toi kuma sune baka biyu. Idan irin wannan tambayar kawai zaka yi ka sa xu ka wuce abinka. Suna sai lokacin da kake magana akan ita alamar kanta, misali kana karanto wa wani adireshin imel ko fasuwod harafi bayan harafi.

Nan ne bu ke shigowa. Kusan duk kalmar da ka ɗora wa bu a baya ta zama sunan harafi ko alama, haka ma wasula suka samu nasu, .abu .ebu .ibu. Littafin nahawun da John Cowan ya fitar a 1997 ya kawo misalai, aya denpa bu ce saboda denpa na nufin dakatawa kuma ɗigo a Lojban ɗan tsayawa ne a furuci, waƙafi slaka bu saboda aikinsa raba gaɓar kalma, & kuma joibu tunda joi na nufin "da", fuskar murmushi .uibu tunda .ui ce kalmar farin ciki. Ka lura duk aikin alamar aka duba ba siffarta ba, kuma gaskiya ni wannan hanyar na fi yarda da ita, don mai sauraro ko bai taɓa jin sunan ba zai iya hasashe.

Saboda haka ka fara da aiki. Alamar tambaya ni preti bu zan ce mata tunda preti tambaya ce, @ kuma judri bu don a adireshi muka fi ganinta. Waɗannan shawarata ce kawai, ka bayyana su sau ɗaya a farkon rubutunka kafin ka ci gaba da amfani da su.

Inda ake shan wahala shine alamar da ke aiki barkatai. Ɗauki *, a lissafi sau ce, a ƙasan shafi tana nuna ƙarin bayani, a waya kuma da ita ake fara danna kod. In ka ce pi'i bu, tunda pi'i ce kalmar sau, ka ɗaure ta da lissafi kaɗai, mai karanta kod zai rikice, to a irin wannan gara ka koma siffa ka ce tarci bu, wato tauraro, kowa ya huta. Haka # take, namcu bu in lamba ake nufi, tcita bu in hashtag ne, sai ka duba wa kake wa magana.

Abu ɗaya ka kiyaye, ba kowace kalma ke karɓar bu ba. zo bu ba sunan alama bane, ma'anarta kalmar bu ita kanta, haka si da sa da su zasu goge maka magana ne kafin bu ta yi aiki.

In kuma alamar ta gagari suna akwai se'e, ka faɗe ta sai lambar alamar a kwamfuta ta biyo, se'e cixa shine 36, wato alamar dala a tsarin ASCII.