Yadda ake kafa wasan jita a fili a Kano, daga bakin mai haɗa sauti

Shekara goma sha tara ke nan ina loda lasifika a bayan a-kori-kura. Da bikin aure na fara, a lungunan Fagge da Ƙofar Mazugal, inda uwar biki ba ta da buri sai a jiyo ƙarar daga unguwa ta uku. Da wannan hannun na je ranar da aka fara kira na in haɗa wa 'yan jita sauti, a wani lambu da ke Nasarawa. Samari huɗu ne daga Agadas: jita biyu, bes ɗaya (jita mai kaurin sauti), da mai ganga. Na ɗaga komai sama. Babbansu, mai shuɗin rawani, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya yi shiru yana saurare, sannan ya sauko daga dandamali ya tako har inda nake. Cikin Hausarsa ta Nijar ya ce, "Maigida, rage. Kiɗan nan yana son wurin numfashi."

Na rage. Sai ga abin da ƙara ta binne ya fito fili: tsirkiya tana lanƙwasa a ƙarƙashin yatsansa, tana hawa tana sauka kamar muryar mai rarrashi. Tun daga daren nan nake koyon wannan aiki, kuma abin da na tara shi zan shimfiɗa wa duk mai niyyar shirya daren buluz ko rok a sararin Allah a garin nan.

Ka fara sanin abin da za ka ɗora a dandamali. Buluz kiɗan baƙar fatar jihohin kudancin ƙasar Amurka ne, jikokin bayi na yankin kogin Misisifi. Da mawaƙin buluz Muddy Waters ya bar can ya koma Shikago a 1943, hayaniyar birni ta sa ya rungumi jita mai lantarki don a ji shi, kuma daga irin wannan sautin ne rok ya tsotsi nono. Kunnen Bakano ba baƙo ba ne a wurinsa. Sautuka biyar ne ginshiƙinsa, kamar yawancin abin da kake ji a kukuma da gurmi. Mawaƙi ya faɗi layi, jita ta amsa masa, tamkar mai waƙa da 'yan amshi. Shi ya sa jitar marigayi Ali Farka Touré na Mali take shiga jikin mutanenmu ba sai an yi bayani ba. A Malin ma an yi bikin kiɗa a tsakiyar hamada, wanda aka fara a 2001, ya daɗe yana gudana a yankin Tambutu, har rikicin arewacin ƙasar ya tsayar da shi bayan na 2012. In an iya kafa lasifika a kan rairayi, to Kano ba za ta gagara ba.

Wata kuwa, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu za ka zaɓa, bayan ka duba kalandar Musulunci don kada ka faɗa cikin azumi. A Yuli da Agusta hadari yakan taso daga gabas ya haɗu kafin ka gama naɗe waya ɗaya, kuma iskar da ke riga ruwan sauka ita ce mai kayar da lasifika da rumfa. Afrilu zafi yakan haura digiri 40, amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar waƙa. Hunturu ma yana da halinsa. Ƙura tana shiga maɓallan miksa, wato na'urar haɗa sautuka, su riƙa ƙaiƙayi a kunne, don haka ina lulluɓe tawa da zanen atamfa har sai an kusa farawa. Jita a fito da ita daga akwati sa'a guda kafin wasa, ta saba da iskar wurin, domin sanyin bayan isha'i yana canza saitin tsirkiya.

Wuri: lambu mai katanga da zai ɗauki mutum ɗari biyu zuwa ɗari uku ya fi maka katafaren fili. Ka juya bakin lasifika nesa da gidajen mutane, masallaci da asibiti. Ka kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, ka leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha ka ji abin da ake buƙata, ka durƙusa gaban mai unguwa. Amma wanda ya fi kowa muhimmanci shi ne dattijon da katangarsa ke jingine da taku. Ni da ƙafata nake zuwa, kwana uku kafin ranar. Akwai wanda na samu a kan tabarma a ƙofar gida, na ce, "Baba, ranar Asabar muna da taro a lambun nan, da ɗan kiɗa. Bayan isha'i za mu fara, goma da rabi mu kashe." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, goma da rabi ka ce?" Na ce e. Ya ce, "To Allah ya kai mu." Goma da minti ashirin da takwas na sauke sautin. Shekara uku muna komawa lambun nan ba wanda ya ɗaga mana murya.

Gwajin sauti tsakanin la'asar da magariba ake yin sa, a yi tsit kafin ladan ya ɗaga murya. A tanadi buta da tabarmi a gefe. A ware wa iyali wurin zamansu, mata da nasu sashe, da mai tsire da mai zoɓo a can baya inda hayaƙi ba zai bi iska ya shaƙe mawaƙi ba.

Yanzu ga inda nake so ka tattara hankalinka duka: wuta.

Kada ka dogara da wutar gari a irin wannan dare. Janareta biyu za ka nema, ɗaya na sauti, ɗaya na fitilu, domin in suka haɗu a kan inji ɗaya, duk sanda fitila ta kama za ka ji gurnani a lasifika. Ka tara ƙarfin da duk kayanka ke ja, ka ƙara rabinsa a kai, shi ne girman injin da za ka ɗauko. Bugun babbar ganga da bes sukan fizgi wuta farat ɗaya, ƙaramin inji kuma sai ya riƙa nishi. Ka ajiye shi taku talatin ko fiye daga dandamali, a bayan gini, ta ɓangaren da iska ke tafiya. A cika mai tun da rana. Ba a ɗura wa injin fetur mai yana aiki, ko da mawaƙi yana tsakiyar baiti.

Sai wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke kira atin. A bikin aure mutane sukan yi sakaci da ita su sha, domin mai waƙa makirfo kawai yake riƙe da shi. Mai jitar lantarki ba haka yake ba. Tsirkiyoyinsa ƙarfe ne, a haɗe suke da jikin amfilifayarsa. Hannunsa yana kansu, leɓensa yana kusantar makirfo, wanda shi kuma a haɗe yake da miksa. In ɗaya daga cikin kayan nan biyu yana zubar da wuta, jikin mutumin ne zai zama hanyarta, kuma wutarmu bolt 230 ce. Haka ta faru da Les Harvey, mai jitar wata ƙungiyar buluz da rok ta Birtaniya, a 1972 a garin Suwansi: ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba, ya mutu a gaban 'yan kallo yana ɗan shekara 27.

Ga yadda nake yi. Da hantsi nake kafa sandar tagulla kusa da janareta, in buga ta da guduma har ta nutse. Ƙasar Kano a hunturu busasshiya ce ƙamas, ba ta karɓar wuta yadda ya kamata, don haka nakan haƙa ɗan rami kewaye da sandar, in zuba gawayi da gishiri, in kwarara ruwa bokiti biyu, in sake ƙarawa da la'asar. Duk kayan dandamali da miksa daga allon rabon wuta ɗaya suke sha, mai ɗauke da makashin nan da ke tsinke wuta da kansa in ta fara zuba. Kafin makaɗi ya rataya jitarsa, ina ɗaukar mita in ɗora tsinke ɗaya a kan tsirkiya, ɗaya a kan ragar makirfo. In allura ta motsa, ba mai hawa sai an gano dalili. Za ka haɗu da yaron da zai ce a karye ƙafa ta uku ta fulogi don gurnani ya ɗauke. Gurnanin zai ɗauke, gaskiya ne, amma ƙafar nan ita ce ke tsakanin makaɗi da likkafani. Ka hana shi, ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka sami mai laifin.

Sauti a fili dabam yake da na ɗaki, domin babu bangon da zai dawo maka da shi. Duk sanda nisa ya ninka, ƙarfinsa yakan faɗi da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Abin da hannu ke so shi ne ya murɗa maɓalli, sai na gaba su kurumce, na baya kuma har yanzu ba su jin kalmomi. Maganin shi ne ɗaga lasifika sama da kawunan mutane, domin jikin ɗan Adam yana shanye sauti, sannan a kafa wasu ƙanana a tsakiyar fili. Amma sauti yana tafiyar kusan mita 340 ne a daƙiƙa, wuta kuwa cikin waya nan take take isa. In ba ka jinkirta na tsakiyar ba, na baya za su ji kowace kalma sau biyu. Lissafin mai sauƙi ne: kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa a kowace mita. Lasifikar da ke mita 30 daga dandamali, jinkirin kashi 90 cikin dubu take so. Miksocin zamani suna da wurin sa wannan.

Wajen gwaji, ganga nake fara ji, sai bes, sai jita, sai murya. Da na gama sai in sauke komai, in ɗaga murya ita kaɗai, in riƙa shigo da saura a ƙarƙashinta. Mai jita kusan kullum yana kukan ba ya jin kansa, alhali amfilifayarsa tana ƙasa tana yi wa gwiwoyinsa kiɗa. Ɗora ta a kan kujera ko ka jingina ta baya ta kalli kunnensa, da kansa zai rage. Makirfo kada ya wuce gaban manyan lasifika, nan ne ƙugin nan mai tsaga kunne ke fitowa. Ma'aunina a wurin miksa shi ne, in sai na yi ihu kafin na kusa da ni ya ji maganata, to ya yi yawa. Akwai yara a wurin, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Tsarin hawa yana buƙatar mutum ɗaya mai agogo da ba ya jin kunyar kowa. A bikin kiɗan Woodstock na Amurka, a Agustan 1969, ruwan sama da jinkiri sun tura mai jita Jimi Hendrix, wanda shi ne zai rufe taro, har safiyar Litinin, lokacin da mafi yawan jama'a sun riga sun watse. Kai kuma sa'a biyu da rabi kawai gare ka. Ƙungiya uku sun isa. Su yi amfani da jerin ganguna ɗaya, canji kada ya wuce minti goma. Nakan so a buɗe da mai kukuma ko mai gurmi shi kaɗai, sai buluz mai sanyi, a rufe da rok lokacin da jiki ya ɗau zafi. In an yi sa'a mai kukuma ya yarda ya dawo ya zauna da 'yan jita a waƙar ƙarshe, za ka ga dattawan da suka zo don rakiya sun gyara zama.

Abu biyu na al'adarmu sai an yi musu dabara. Na farko mai gabatarwa. Mun saba da sanƙira yana zuba kirari a kan kiɗa, kuma a wurin kalangu yana da daɗi. A buluz, lokacin da murya ta yi shiru jita ta karɓa, nan ne zuciyar waƙar take; ka roƙe shi tun da rana ya ajiye makirfonsa har a tsaya. Na biyu liƙi. Mai hawa dandamali da kuɗi a hannu ba ya kallon ƙasa, wayar jita kuma ba ta da wuyar fizgewa, ga shi dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira. Shimfiɗa darduma a gaban dandamali ka ɗora babban faranti, mai gabatarwa ya nuna shi tun farko.

In an tashi, amfilifaya ake fara kashewa, sannan miksa, sannan janareta. Wajen kunnawa kuma akasin haka, in ba haka ba bugun wuta zai iya fasa maka lasifika. A naɗe wayoyi da tocila a hannu ana ƙirga su, a sallami yaran da suka yi dako a daren, kada a ce sai gobe. Sandar tagulla nakan bar ta har safe, domin cire ta cikin duhu yana lanƙwasa ta. Da hantsi in na dawo ɗaukarta, nakan biya ta ƙofar Baba da ƙullin goro in tambaye shi yadda ya kwana.