Yadda ake sauraron kiɗan rok na shekarun 1970

Wanda yake son fahimtar fitattun waƙoƙin rok na shekarun 1970 ya kamata ya fara sanin irin faifan da aka tsara su dominsa. A wancan zamani babban faifan garmaho fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar kimanin minti 20, kuma makaɗa sukan jera waƙoƙinsu da sanin cewa mai sauraro zai tashi ya juya faifan a tsakiya. Saboda haka matakin farko shi ne a kashe tsarin da ke gauraya waƙoƙi a manhajar waya, a zaɓi kundi guda, a bi shi daga farko har ƙarshe. Kundin The Dark Side of the Moon, wanda rukunin Pink Floyd suka naɗa a sutudiyon Abbey Road da ke Landan suka fitar a 1973, ya dace da wannan gwaji, domin waƙoƙin kowace fuska suna zarcewa cikin juna ba tare da tsayawa ba, kuma wanda ya tsinci ɗaya daga tsakiya ya rasa abin da ya gabace ta da abin da take shiryawa.

A nemi abin saurare mai rufe kunnuwa biyu, ko lasifika biyu da aka raba dama da hagu. Masu naɗar sauti na lokacin sukan ajiye wani kayan kiɗa a ɓangare ɗaya, wani a ɗaya ɓangaren, ƙaramar lasifikar waya kuwa tana cakuɗa su, tana kuma haɗiye kaurin jitar bas.

Daga nan sai a koya wa kunne rarrabewa, wanda a ganina shi ne babban aikin. Yawancin rukunonin ba su wuce mutum huɗu ko biyar ba, wato mawaƙi, mai jita, mai bas, mai ganguna, wani lokaci da mai piyano ko ogan, don haka ana iya maimaita waƙa ɗaya ana bin kayan kiɗa guda a kowane zagaye. A fara da gajeren salon jita da ake nanatawa, wanda a kansa ake gina waƙar. Mafi sauƙin kamawa shi ne na "Smoke on the Water" ta rukunin Deep Purple, ta shekarar 1972, wadda ta ba da labarin gobarar da ta cinye gidan cacar Montreux a Suwizalan a Disambar 1971 ana tsakiyar wasan makaɗi Frank Zappa. Sai a gwada Black Sabbath na birnin Birmingham, waɗanda mai jitarsu Tony Iommi ya rasa kan yatsu biyu a haɗarin masana'anta, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitarsa don rage zafi, abin da ya ƙara wa sautinsu nauyi. A zagaye na gaba a koma kan ganguna: a "When the Levee Breaks" ta rukunin Led Zeppelin an ajiye gangunan makaɗinsu John Bonham a ƙasan matattakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataya makirufo daga sama, kuma amon ginin ne ake ji a waƙar.

Wannan waƙa tana kai mu ga asali, domin Kansas Joe McCoy da Memphis Minnie ne suka fara naɗar ta a 1929. Rok ɗin Birtaniya ya sha daga kiɗan bulus na baƙar fatar Amurka, har rukunin Rolling Stones ma daga wata waƙar mawaƙin bulus Muddy Waters suka samo sunansu. Yana da kyau a ware lokaci a saurari Muddy Waters da Howlin' Wolf, sannan a dawo, a ji abin da aka aro da abin da aka ƙara.

Dogayen waƙoƙin suna bukatar haƙuri. "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin, ta 1971, tana cin kusan minti 8, tana farawa a hankali da jitar katako, ba a jin ganguna sai an wuce rabinta. "Bohemian Rhapsody" ta Queen kuwa, wadda Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya rubuta, ba ta da amshi ko kaɗan, amma ta yi mako 9 a saman jerin waƙoƙin Birtaniya bayan fitowarta a 1975. Wanda ya yanke musu hukunci a minti na farko bai kai inda ake nufin kai shi ba.

A bar neman ma'anar baitoci sai kunne ya saba da kiɗan, kuma a fifita naɗin sutudiyo na asali a kan na wasan fili, wanda ya fi armashi ga wanda ya riga ya san waƙar. Idan an ƙoshi da waɗannan, sai a saurari kundin farko na rukunin Ramones na 1976, inda waƙa kan ƙare cikin minti 2 da ɗoriya, domin a ji yadda sababbin matasa suka juya wa dogon kiɗa baya tun kafin shekarun su ƙare.