Yadda Ma'aikacin Asibitin Dabbobi Zai Riƙe Natsuwarsa a Ranar Cunkoso

Dabba ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, amma tana gane hannun da ke rawa da muryar da ta ɗaga, kuma da zarar ta tsorata sai cizo ko yakushi ko shuri su biyo baya. Saboda haka natsuwar likita da mai jinya tana cikin maganin.

Da farko, ka tantance dabbobin tun daga ƙofa. Wadda numfashinta ke sarƙewa, ko jini ke zuba, ko cikinta ya kumbura farat ɗaya, ita ce a gaba. Mai jiran rigakafi ko mai ƙaiƙayin fata za ta iya dakatawa. Idan kowa ya san jerin, hankali ba zai rabu gida goma ba.

Na biyu, ka mayar da lokacin wanke hannu ya zama iyaka tsakanin wannan dabba da ta gaba. Ka ja numfashi a hankali, ka fitar da shi a tsawon da ya fi na shaƙa, sau uku ko huɗu, domin hakan yana rage saurin bugun zuciya. Ka sha ruwa, kada kuma ka tsallake abinci.

Na uku, idan mai dabba ya fusata, ka tuna cewa galibi tsoro ne ko nauyin kuɗin magani ke cin sa. Ka saurare shi har ya gama, sannan ka bayyana masa abin da za a iya yi. Idan ya kai ga zagi, ka kira shugaban sashe.

Mafi nauyi, a ganina, shi ne yi wa dabba allurar da za ta kashe ta don kawo ƙarshen wahalarta, a gaban mai ita yana kuka, sannan a ce ka shiga ɗaki na gaba da fara'a. Kada ka wuce kai tsaye. Ka roƙi abokin aiki ya karɓe ka na minti biyar, ka faɗa masa abin da ya taɓa maka zuciya.

Wannan nauyi yana taruwa. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar a 2019 ya nuna cewa likitocin dabbobi a ƙasar sun fi sauran jama'a yawan kashe kansu. Idan barci ya ƙaurace maka, ko ka daina jin tausayin dabbobin da kake jinya, ka ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.